A Faɗa Wa Talaka Sunan Maganin Da Ya Ke Sha

Muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa talakawa, musamman 'yan kasuwa maza da mata, a kan wata cuta wadda mutum kan saya da kuɗinsa bai sani ba. Za ka ga mutum ya sha magani don zazzaɓi ko don ciwon jiki, ya warke, ya koma rumfarsa. Bayan kwana goma ko mako biyu sai masassara ta sake kama shi, maƙogwaro ya yi zafi, idanu su yi ja kamar mai mura. Kwana biyu ko uku a kan haka sai tabo ya fito masa a fuska da ƙirji, fata ta riƙa yi masa zafi ko riga ce ta taɓa shi, leɓɓa su fashe, baki ya cika da gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, fitsari ma ya zama azaba. Sa'an nan bororo ya tashi, fata ta fara saluɓewa kamar wanda aka kwara wa tafasasshen ruwa. A jikin Bature tabon ja wur ya ke fitowa, kowa ya gani tun da wuri. A jikinmu kuwa duhu kawai ya ke ƙarawa, don haka a kan daɗe ba a lura ba.

In abin ya kai nan sai ka ji gida ya rabu biyu. Tsofaffi su ce ƙyanda ce ta manya, a shafa masa toka da mai. Waɗansu su ce jifa ce, abokin gaba ne a kasuwa ya yi masa, ko kishiya. Ba wanda zai tuna da 'yan ƙwayoyin nan da aka sha mako biyu da suka wuce. Sau da yawa ma ana nan ana ci gaba da ɗura masa su, wai don zazzaɓin ya sauka.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan cuta. A cikin 1922 waɗansu likitocin yara biyu a birnin Niyok na Amurka, Stevens da Johnson, suka rubuta labarin yara maza biyu, ɗaya ɗan shekara 7 ɗaya ɗan shekara 8, masu zazzaɓi da ƙuraje da gyambon baki da ruɓewar ido, shi ya sa har yau a ke kiran cutar da sunansu. A cikin 1956 kuma wani likitan fata a Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana mutum 4 waɗanda fatarsu ta saluɓe kamar ƙuna. Yanzu an gane cuta ɗaya ce, bambancin sai na yawan fatar da ta tashi. In ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, wajen mutum ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka ke mutuwa. In ta wuce kashi 30, wajen mutum uku cikin goma ba su tashi. Ƙidayar da aka yi a ƙasashen Turawa ta nuna ba ta kama fiye da 'yan mutane kaɗan cikin miliyan a shekara, watau ba cuta ce ta yau da kullum ba. Amma wanda ta faɗa wa gidansa, lissafin miliyan ba ya yi masa amfanin kome.

To, mene ne sanadinta? Da fari sai mu kawar da wani zato. Mutane da yawa sun ɗauka in magani ya ɓata wa mutum jiki, lalle jabu ne ko kuwa kwanansa ya ƙare. Jabun magani masifa ce dabam, mun san ta. Wannan kuwa magani mai kyau ne ke kawo ta, na babban kamfani, wanda mutum dubu suka sha suka sami lafiya. A cikin jinin ko wane ɗan Adam akwai dakaru waɗanda aikinsu su gane baƙon abu su kashe shi. A jikin waɗansu mutane ƙalilan, in wani magani ya shiga sai ya manne wa wani tambari da ke bisa ƙwayoyin halittar fata, dakarun nan su dubi fatar mai gidansu su ga kamar abokin gaba, su far mata. Kamar dai a ce 'yan doka ne aka aika su kama ɓarawo, suka rufe mai gida da duka. Fatar sama ta mutu ta rabu da ta ƙasa, jiki ya zama ba shi da marufi, ruwa yana ta tsiyayewa, ƙwayoyin cuta suna ta shiga. Abin da ke kashe yawancin masu cutar ke nan.

Ba ko wane magani ke yawan yin wannan ba. Masu laifin 'yan kaɗan ne, kuma an san su da suna. Na farko su ne dangin salfa, jikokin M&B ɗin nan da kakanninmu suka sani tun wajen 1938, watau Septrin da Fansidar da sauran sunayen da a ke sayar da su. Sai maganin farfaɗiya, irin su finobabiton da fenitoyin da kabamazafin wanda a ke kira Tegretol. Sai alofurinol na ciwon gaɓoɓi. Sai nebirafin na ƙanjamau. Sai waɗansu magungunan ciwon jiki, musamman firoksikam, wanda a kasuwa aka fi sani da Feldene, abokin 'yan dako da masu turin kura da duk wanda ya yini yana ɗaukar kaya. Fenisilin da danginsa ma su kan yi, ko da ya ke ba su kai waɗancan ba. A cikin yara kuma wani lokaci ba magani ba ne sam, wata ƙwayar cutar huhu ce ke tayar da ita, sai likita ne zai bambance.

Zancen salfa yana da tarihi wanda ya kamata a sani. A cikin 1981 kwalara ta ɓarke a garin Beira na ƙasar Mozambik, hukuma ta raba wa mutum wajen 149,000 salfadoksin, ɗaya daga cikin abubuwa biyu da ke cikin Fansidar, ko wane mutum sha ɗaya. Mutum 22 suka kamu da cutar nan ta fata, 3 suka mutu. A Amurka kuma akwai lokacin da a ke ba matafiya masu zuwa ƙasashenmu Fansidar su riƙa sha ko wane mako don rigakafin zazzaɓi. Da aka ƙidaya aka ga wajen mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 8,000 yana samun mummunan ɓacin fata, waɗansu har suka mutu, sai a cikin 1985 hukumarsu ta janye wannan shawara ga yawancin matafiya. Ku duba fa, 'yan'uwa. Can an ƙidaya, an gani, an canza doka. Nan kuwa har gobe akwai mai shan Fansidar duk lokacin da ya ji kasala, kamar goro. Salfadoksin kuwa ba ya barin jiki da wuri, sai ya yi kamar mako guda kafin rabinsa ya fita, don haka ko an daina sha yana nan cikin jini yana hura wutar.

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne jinkirin cutar. Dakarun jini sai sun ɗauki kwanaki suna taruwa kafin su kai hari. Yawanci tsakanin kwana 4 ne zuwa 28 daga ranar da aka fara shan sabon magani, wani lokaci har mako 8. Wanda ya yi shekara yana shan maganin farfaɗiyarsa lafiya lau, da wuya a ce shi ne. Wanda aka sha jiya da daddare don zazzaɓin da cutar kanta ta kawo, kamar farasitamol, sau da yawa shi a ke ɗora wa laifi alhali kuwa mai laifin na ainihi ya riga shi shiga da mako biyu. Sabo da haka tambayar da likita zai yi ita ce, me ka fara sha cikin wata biyun nan? Wanda ba shi da amsar wannan tambaya ya bar likita cikin duhu.

Me ya sa wani ya ke sha ya zauna lafiya, wani kuwa ya saluɓe? Wani sashe na amsar gado ne. Tambarin nan da muka ambata gadonsa a ke yi daga iyaye, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, daga ƙabila zuwa ƙabila. A cikin 2004 likitoci a Taiwan suka duba mutum 44 waɗanda Tegretol ya yi wa wannan ɓarna, suka tarar dukansu 44 ɗin suna da tambari iri ɗaya, alhali cikin waɗanda suka sha lafiya 3 ne kawai cikin 100 ke da shi. Tun daga nan a can, da waɗansu ƙasashen Asiya, a kan gwada jinin mutum kafin a fara ba shi maganin. Wannan tambari ba shi da yawa a cikin baƙar fata, gwajinsa ba zai tsare mu ba. A Malawi an sami wani tambari dabam mai alaƙa da nebirafin, amma mutanen da ke da shi sun yi yawa ƙwarai, kuma mafi yawansu ba abin da ke samunsu, don haka bai isa a rarrabe mutane da shi ba. Abin da ya rage mana mu riƙe shi ne, in magani ya taɓa yi wa uwarka ko ɗan'uwanka shaƙiƙi irin wannan, ka faɗa wa likita kafin a ba ka shi.

Wani sashen amsar kuma halin da jini ke ciki ne. Mai ƙanjamau ya fi sauran mutane haɗarin wannan cuta wajen sau 100. Afirka ta koyi wannan da tsada. Akwai wani maganin tarin fuka mai suna tayasitazon, wanda ƙasashe matalauta suka yi shekaru suna amfani da shi domin arha gare shi. Da ƙanjamau ya yaɗu sai aka fara ganin masu tari suna saluɓewa. A cikin 1991 aka buga sakamakon wani bincike na Nairobi: cikin masu tari 111 masu ƙanjamau, 22 fatarsu ta ɓaci, 3 suka mutu, amma cikin 176 marasa ƙanjamau 2 ne kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba masu ƙanjamau shi, daga baya ma aka bar shi kusan ko'ina. Arha ce ta sa aka zaɓa wa talaka shi, arha kuwa an ce ba ta ado. Nebirafin ma ya yi nasa zamanin. Da shi aka ceci rayuka masu yawa, ba mu musu, amma don tsoron ƙurajensa ne a ke fara shi da ƙwaya ɗaya a rana har kwana 14 kafin a ƙara zuwa biyu. Daga 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir, wanda ba shi da wannan hali sosai.

Akwai kuma wata 'yar'uwar cutar wadda ba ta cika saluɓe fata ba, sai dai ƙuraje su rufe jiki, fuska ta kumbura, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya ƙi sauka, hanta ta kamu har ido ya yi rawaya. Ita ta fi jinkiri, mako 2 zuwa 8. A ƙasar nan tamu aka fara lura da irinta ta dafson, maganin kuturta, wajen 1950, sa'ad da likita John Lowe ke gwada shi a asibitin kutare na Uzuakoli a Gabas.

Kada kuma a ce duk ƙaiƙayi mutuwa ne. Da yawanmu mun san susar da kulorokwin ke sa baƙin mutum, har ya kwana bai runtsa ba, amma ta kan wuce cikin kwana biyu ko uku ba ta bar kome ba. Borin jini kan taso cikin sa'a guda ya kwanta, sai dai in ya zo da kumburin baki da toshewar numfashi, wannan kam a ruga asibiti nan take. Akwai kuma baƙin tabon nan mai kewaye kamar kwabo, wanda kan fito a leɓe ko a hannu ko a gaba, ya dushe, in an sake shan Septrin ko Fansidar ya komo daidai wurin da ya fito da. Wannan gargaɗi ne jiki ya yi maka, kada ka sake. Alamun da ba a wasa da su su ne ƙuraje tare da zazzaɓi, fata mai zafi, gyambo a baki ko ido ko gaba, da bororo.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Gado ba mu da iko da shi. Amma akwai sanadi guda wanda mu muka yi shi da hannunmu, shi ne haɗi. Mutum ya je kemis, ko ya tsai da mai tire a bakin tasha, ya ce jikina ke ciwo, a haɗa mini na naira ɗari biyar. Sai a ɓalle masa ja ɗaya, fari biyu, kafso mai launi biyu, a ƙulle a leda ko a takarda, ba kwali ba suna. Ya watsa baki ya kora da ruwa. In abin ya zo da tsautsayi, mako biyu bayan haka yana kwance ba ya iya magana, likita yana tambayar matarsa me ya sha, ita kuwa sai ta ce wani fari da wani ja. Fararen ƙwayoyi nawa ne a duniya? Wani bincike da aka yi a Faransa, aka buga a 2000, ya nuna cewa gwargwadon saurin da aka tsai da maganin da ya jawo cutar, gwargwadon raguwar mutuwa. Yaya za a tsai da abin da ba a san sunansa ba? In kuma Allah ya sa ya tashi, ya fita asibiti bai san abokin gabansa ba, wata rana zai sake sayensa cikin wani haɗin da wani launi, gama Septrin ɗaya kamfani goma ke yin sa da suna goma. Karo na biyu kuwa ba ya jiran mako biyu, dakarun sun riga sun san shi, cikin kwana ɗaya ko biyu su ke tashi.

Mun sani cikin masu karanta jaridar nan akwai masu kemis da masu tallar magani, ba kuwa mu ce su rufe su zauna da yunwa ba. Ba don sha'awa talaka ke zuwa wurinsu ba. Asibiti da nisa, layi da tsawo, 'yar kasuwa in ta bar tirenta ta yini a layi, ranar nan ba a ɗora tukunya a gidanta. Mai kemis shi ne likitan unguwa ko an so ko an ƙi. To, tun da haka ne, sai ya ɗauki nauyin da ke tare da wannan matsayi. Kafin ya miƙa magani ya tambaya, wani magani ya taɓa ɓata maka jiki? Kada ya ɓalle ƙwaya daga takardarta, ya yanka da almakashi yadda suna zai fito. In babu hali, ya rubuta sunan a takarda, da boko ko da ajami. Maganin farfaɗiya da alofurinol da Septrin kuma ba kayan haɗi ba ne, sai da takardar likita. Wannan duka ba zai rage masa ko kwabo cikin ribarsa ba. Malaman asibiti ma ba su fita ba, gama mun sha ganin ambulan ɗin magani da ba a rubuta kome a kansa ba sai biyu da safe biyu da dare, kamar sunan magani wani asiri ne wanda bai kamaci talaka ya ji ba.

Wani zai karanta wannan ya ce to, daga yau ba mai ba ɗana maganin nan da a ke rabawa gida gida da damina, tun da akwai salfa a ciki. Wannan kuskure ne babba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 wannan rigakafi a ƙasashenmu na bakin hamada, miliyoyin yara suna sha ko wace shekara, mummunan ɓacin fata kuwa abu ne mai wuyar gani a cikinsu, alhali zazzaɓin cizon sauro kowa ya san kaburburan da ya cika. Haka nan Fansidar da a ke ba masu ciki wajen awo. Abin da ke wajibi shi ne mai rabawa ya tsaya ya yi tambaya. Yaron da ke shan Septrin ba a ba shi, wanda maganin ya taɓa yi wa ƙuraje ba a sake ba shi. In mai rabawa bai tambaya ba don yana sauri ya cika lissafinsa, uwa ta faɗa masa da kanta.

Ga Gwamnati kuma muna da magana. An kafa NAFDAC a 1993, a 2004 kuma ta buɗe cibiyar karɓar rahoton illar magani, akwai wata takarda rawaya da a ke cikawa, yanzu ma har ta wayar hannu ana iya aikawa. Mutum nawa ne a kasuwar ƙauye suka taɓa jin labarinta? In ba a kai rahoto ba, ba za a ƙidaya ba, in kuwa ba a ƙidaya ba sai a ce ba mu da matsala. Muna neman a riƙa sanar da wannan a rediyo da Hausa, a ajiye takardar a ko wane kemis mai lasisi. Muna neman duk wanda ya tashi daga wannan cuta a ba shi kati mai sunan maganin da danginsa kafin a sallame shi, domin wanda Tegretol ya ɓata, finobabiton da fenitoyin ma suna iya ɓata shi. Jinyar mai wannan cuta irin ta mai ƙuna ce, ɗaki mai tsabta da ɗumi, ƙarin ruwa, wankin gyambo, mako biyu ko uku kafin sabuwar fata ta rufe, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin mai sayar da tumatir. Ya kamata a ɗauke wa talaka shi. A kuma sa likitan ido ya duba shi tun kwanakin farko, gama da yawa sun tsira da rai amma fatar ido ta manne, hawaye ya ƙafe, suka ƙare da makanta.

Wanda ya ga alamun nan a jikinsa ko a jikin nasa, ya dakatar da duk sabon maganin da aka fara cikin wata biyu, ya nufi babban asibiti a ranar, kada ya kwana. Mai farfaɗiya da mai ƙanjamau da mai tarin fuka kada su tsai da nasu su zauna a gida, su je a musanya masu da wani a ranar nan. Kada a shafa toka ko man shanu ko kanwa, kada a fasa bororo, a lulluɓe shi da zane wankakke. A kwashe duk kwalaye da ledoji da kwalaben da ke ɗakin, har na gargajiya da ragowar haɗin da ke aljihun riga, a tafi da su. In ba a san sunan ƙwayar ba, a aiki yaro ya koma wurin wanda ya sayar ya tambayo.